Shin Barewa Nama Ce Tun Tana Numfashi?

Akwai wata kalma da muke faɗa kullum ba mu tsaya mun dube ta ba, wato "naman daji". Da ita muke kiran barewa da gada da zomo tun suna kiwo da ransu, alhali kuwa nama shi ne abin da ake sakawa cikin tukunya. Gaskiya ne zaki ma yana cikin namun daji, amma shi an yi masa gata, ana ce masa manyan dawa, dila kuma malamin daji. Tambayata ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar rubuta labaran dabbobi ita ce: ya kamata a raɗa wa halitta suna da abin da ake yi mata, a bar abin da ita take yi?

Ni a ganina bai kamata ba, domin irin wannan suna ba ya faɗin gaskiya. Masana halayen dabbobi sun tabbatar cewa mafi yawan harin da zaki ke kaiwa ba ya cin nasara. Idanun barewa suna gefen kanta, don haka tana hango abin da ke tafe ta kusan kowace fuska, ga ji, ga gudu. Ashe ke nan a yawancin karon da suke yi ita ke rinjaye, sai dai ba a ba da labarin ranar da zaki ya kwana da yunwa. Wanda ya kira ta "mai tsaron rai" ko "gwanar kaucewa" ya fi mai kiran ta "abin tausayi" kusa da gaskiya.

Magabata sun gane haka. A cikin Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya fassara zuwa Larabci a ƙarni na 8, dabbobi sun yarda su riƙa aika wa zaki ɗayansu kullum don ya ci. Wato sun karɓi sunan abinci da bakinsu. Zomo ne ya ƙi, ya ja zaki zuwa rijiya, ya nuna masa inuwarsa a ruwa, zaki ya faɗa ciki. Masu iya magana ma sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

To, amma kada garin gyaran gira a rasa ido. Ɗaukaka wanda ake farauta ba ya nufin a zagi mai farautar. Dubi kura, wadda tatsuniyoyinmu suka mayar sakara mai kwaɗayi. Binciken da Hans Kruuk ya yi a Serengeti da Ngorongoro, wanda aka buga a 1972, ya nuna cewa kura mai dabbare-dabbare ita ke farauto mafi yawan abincinta da kanta. Haka kuma a fim ɗin Zootopia na 2016, tunkiya ce ta ƙulla makirci don a tsani duk masu cin nama, ta hau mulki. Ashe mai rauni ma yana iya mayar da suna makami.

Saboda haka shawarata ita ce mu ajiye kalmomin "azzalumi" da "wanda aka zalunta" sai inda suka dace. Zalunci sai da zaɓi, zakin dawa kuwa yunwa ke kora shi. A cikin labari, inda dabba ke magana tana yin alkawari, a nan ne za a iya ce mata azzaluma, amma saboda aikinta, ba saboda haƙoran da aka haife ta da su ba.

Wani zai ce, ina ruwan barewa da sunan da muka ba ta? Ba ruwanta kam, amma da ruwan yaron da ke sauraro. Shi ya san ba zaki ba ne, a cikin ƙananan dabbobi yake neman kansa. In muka koya masa cewa ƙarami nama ne, zai girma yana jiran a ci shi, ko kuwa yana neman wanda zai ci. Allah ya sa mu gane nauyin da ke bakin alƙalaminmu, amin.