Al'adar Yatsa da Haƙƙinta a Kan Mai Ƙera Manhaja

Mai ƙera manhajar waya hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya gina wa kowace waya tata da kayan aikin gidansu, wato Xcode da harshen Swift da Apple ya fitar a 2014 don iPhone, da Android Studio da Kotlin don wayoyin Android, ko kuma ya rubuta guda ɗaya da Flutter ko React Native ta hau kowace waya. Galibi kuɗi da lokaci ke raba gardamar. Sai dai akwai tsohuwar tambaya a ciki: shin abin da mutane suka saba da shi yana da haƙƙi a kan mai sana'a?

Malaman fiƙihu sun ce yana da shi. Mazhabar Malikiyya ta ba al'ada gurbi a hukunci muddin ba ta ci karo da nassi ba, har Alƙarafi, malamin Masar na ƙarni na 13, ya gargaɗi mai ba da fatawa da ya fara tambayar baƙo al'adar garinsu kafin ya amsa masa. Yatsa ma yana da garinsu. Mai Android ya saba da hanyar komawa baya guda ɗaya a kowace manhaja, mai iPhone kuwa kusurwar hagu ta sama yake kai hannu, ko ya jawo shafin daga gefen hagu.

Akwai masu ja, kuma da hujjarsu. Al'adar da malamai ke nufi cikin jama'a take tsirowa, wannan kuwa kamfanoni biyu na Amurka ne suka tsara ta, kamar Material Design da Google ya kawo a 2014, kuma ranar da suka ga dama sukan sauya ta. Duk da haka, abin da hannun miliyoyin mutane ya riga ya haddace ya zama nasu, kuma su ke shan wahalar idan aka karya shi.

A wajen makaho abin ya fi fitowa fili. VoiceOver a iPhone da TalkBack a Android ke karanta masa abin da yatsansa ya taɓa. Maɓallin da aka ɗauko daga kayan gida yakan sanar da kansa cewa maɓalli ne. Wanda mai manhaja ya zana da kansa don ƙawa kuwa yana iya yin gum, sai in ya sa masa suna. Flutter da React Native ma suna da hanyar yin hakan, amma nauyin tunawa da shi yana wuyan mai ginin.