Fatawa: Taron Tunawa da Mahaifi Duk Shekara da Rubuta Tarihin Gida

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu shekarun baya, ni ne babban ɗansa. Baffanmu ya kawo shawarar duk shekara, ranar da Baba ya cika, dangi su taru a gidan gado, a sauke Alƙur'ani, a karanta tarihinsa da na kakanninmu da muke tattarawa a ɗan littafi, a ci abinci. Kuɗin hidimar daga hayar shagunan marigayi ake cira, don ba a raba gado ba tukuna, kuma akwai ƙananan 'ya'yan amaryarsa. Ƙanena ya ce bidi'a ce, ba zai zo ba, yanzu ko gaisawa ba ya yi da Baffa. Ina mafita?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta.

Tuna magabata da rubuta tarihinsu ba abin gardama ba ne. Tirmizi ya ruwaito umarnin sanin nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi. Annabi (SAW) bai gushe yana ambaton Nana Khadija ba bayan rasuwarta, yana yanka akuya ya aika wa ƙawayenta, har kishi ya kama Nana A'isha. A ƙasar nan ma Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, da yawansu danginsa ne, Nana Asma'u kuma ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan ya rasu a 1837. Ku ci gaba da littafinku, kuma ku hanzarta zuwa wurin gwaggonni da tsofaffin gida tun suna da rai.

Inda gizo yake saƙa shi ne ranar. Wanda ya hana yana da hujja mai ƙarfi. Ahmad da Ibn Majah sun ruwaito daga Jarir bin Abdullahi cewa sahabbai suna ƙirga taruwa a gidan mamaci da dafa abinci bayan binnewa cikin kukan mutuwa da aka hana. Da Ja'afar ya yi shahada a Mu'uta shekara ta 8 bayan hijira, iyalinsa aka ce a dafa wa, ba su aka ɗora wa girki ba. Makoki kwana uku ne, in ban da matar mamaci mai takabar wata huɗu da kwana goma. Hamza ya yi shahada, Khadija ta rasu, 'ya'yan Annabi (SAW) sun rasu a gabansa in ban da Faɗima, ba a ruwaito ya sa wa ɗayansu ranar da ake dawowa a taru duk shekara ba. Da wannan ne Ibnul Hajj a cikin Madkhal ya soki al'adun da ake ɗaura wa ranaku bayan mutuwa. Wanda ya halatta kuma cewa yake: addu'a ga mamaci, sadaka da zumunci duk shari'a ta yi umarni da su ba tare da ɗaure su da lokaci ba, rana kuwa don a san lokacin haɗuwa ce kawai.

Abin da nake gani shi ne a tambayi masu taron: me ya sa sai wannan ranar? In an ce don ita ce ranar da ya rasu, addu'a ta fi isa gare shi a cikinta, ko kuma in ta wuce ba a yi ba an ci amanarsa, to an ba ranar falalar da Allah bai ba ta ba, kuma ban halatta wannan ba. In kuwa manufar ita ce dangi su haɗu su san juna, to babu abin da zai hana a matsar da taron zuwa bayan Sallah ko lokacin hutun makaranta, lokacin da na nesa suke zuwa gida. Ka gwada Baffa da wannan cikin ladabi. In ya yarda a sauya, taron ya zama na zumunci, al'ada ce halal, a yi addu'a a cikinsa ga duk mamatan gidan. In ya kafe sai ranar mutuwar, to ka gane cewa ranar ce ake girmamawa, ka ba shi haƙuri.

Saukar Alƙur'ani da kyautar ladanta ga mamaci, saɓani ne tsoho. Mashahurin zance daga Malik da Shafi'i shi ne ladan karatu ba ya isa, Hanafawa da Hambalawa suka ce yana isa, malaman Malikiyya na baya da yawa suka karkata ga fatan isarsa. Ba na bidi'antar da wanda ya karanta ya roƙi Allah ya kai wa mahaifinsa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauko almajirai a raba musu izu, a yi ta gudu ana hira a kansu, a sallame su da 'yan kuɗi. Sadaka kam babu saɓani a kanta: Sa'adu bin Ubada ya ba da gonarsa saboda mahaifiyarsa da ta rasu ba ya nan.

Amma maganar kuɗin haya, ka faɗe ta kamar ƙaramar magana, alhali ta fi ranar haɗari nesa ba kusa ba. Bayan likkafani da biyan bashi da zartar da wasiyya, abin da ya rage na magada ne tun ranar da ya cika. 'Ya'yan amaryar nan marayu ne, izininsu ba ya inganta, kuma babu waliyyin da yake da ikon yin sadaka da rabonsu. Duk lomar da aka ci daga ciki ta shiga gargaɗin aya ta 10 a Suratun Nisa'i. Wannan haramun ne, ba na sassauta shi. Ku lissafa abin da aka riga aka kashe, manya su mayar wa yara rabonsu, sannan ku kira masanin gado a raba, ko ku je kotun shari'a. Abin takaici ne a ga gida ana buga kalanda da hoton marigayi, ana fitar da anko, bashinsa na nan a wuyansa, matarsa tana neman kuɗin makarantar yara. Wanda yake son ciyarwa don Baba ya ciro daga aljihunsa.

Littafin kuma ku kiyaye shi daga alfahari da asali, domin Muslim ya ruwaito shi cikin ragowar jahiliyya tare da sukar nasaba. Kada ku jingina kanku ga Sharifai ko gidan sarauta don wani tsoho ya taɓa faɗa ba hujja, kada ku goge sunan wata kaka don ana ganin asalinta bai kai ba. Kada a tono aibin mamaci, kada kuma a rubuta cewa ɗan Aljanna ne. Ummul Ala ta shaidi Usman bin Maz'un da cewa Allah ya karrama shi, Annabi (SAW) ya tambaye ta ina ta sani, duk da shi kansa ya yi masa fatan alheri.

Ƙanenka yana da gaskiya a wani ɓangare, amma ka gaya masa yanke gaisuwa da ƙanen mahaifi zunubi ne da ba a saɓa a kansa ba, ita kuwa mas'alar da ya yi fushi a kanta malamai sun tattauna ta. Ka kai shi gidan Baffa ya durƙusa ya gaishe shi, kafin a zauna maganar rabon gadon.

Wallahu a'alamu.