Wa ke bin wa bashi?

Shekara bakwai ina sauraren wata ƙungiyar makaɗan jita ta Abzinawa kafin Allah ya nufa in gan su ido da ido. Ba zan faɗi sunansu ba, don kada mai karatu ya ɗauka ƙararsu na kawo. A fadarmu ta Damagaram na fara jin su, wani aboki ya tura mini ta Bluetooth ana jiran shayi na biyu. Daga ranar suka zame mini abokan zama. Da su na yi jinyar mahaifina wata huɗu, da su na yi zaman makokinsa bayan 'yan gaisuwa sun watse. Tamashek ɗina bai wuce gaisuwa ba, amma na haddace kowace gaɓa ta kiɗan, har na san inda mai jitar yake jan numfashi.

Da na ji za su yi wasa a Yamai lokacin sanyi, na hau mota, tafiyar kusan kilomita 900. Jaka biyu na biya a ƙofa. Wasan kuwa ya fi abin da na zata: ganga tana dukan ƙirji, jita tana kuka, ɗaruruwan mutane suna tafi a tare kamar hannu ɗaya. Na yi hawaye ban ji kunya ba.

Bayan an tashi, wani ɗan unguwarmu da ke aikin jona wayoyin lasifika ya shigar da ni bayan dandamali. Na tarar da jagoran ƙungiyar zaune kan akwatin kaya, ya tuɓe takalma, yana cin shinkafa a roba, waya maƙale a kunne. Tun daga Maraɗi nake tsara abin da zan faɗa masa. Ya miƙo hannu, na yi masa ban gajiya, na fara zancen mahaifina, ya gyaɗa kai, ya yi ta'aziyya a taƙaice, aka ɗauke mu hoto, ya koma kan wayarsa. Duka bai kai minti uku ba.

Na fito raina a ɓace, kuma ɓacin ran ne ya ba ni mamaki. Bai wulaƙanta ni ba. Ya yi mini abin da kowane mutumin kirki zai yi wa baƙon da ya faɗo masa yana cikin cin abinci. To me na zo karɓa da ban samu ba?

Na daɗe kafin in yarda da amsar. So nake ya gane ni. A raina mun shekara bakwai tare, ya san ɗakin asibitin, ya san daren rasuwar. A wurinsa kuwa ni fuska ce cikin fuskoki.

Ina ganin tarbiyyarmu tana da hannu a ciki. Mu Hausawa mun taso da kiɗan da ya san mai sauraro. Narambaɗa ya san sarkin da yake yi wa waƙa, ya san iyayensa da kakanninsa. Shata yakan kira mutum da sunansa da garinsa da sana'arsa. Ko a bikin unguwa, ka yi liƙi maroƙi ya ɗaga sunanka kowa ya ji. Ba da ni in ba ka ne, a fili, a gaban shaidu. Kaset da katin waya suka zo suka raba murya da mai ita, tana shiga ɗakunan da bai taɓa takawa ba. Ni kuma na ɗauki tsohuwar ƙa'ida na ɗora wa sabon zama, na je jiran a kira sunana.

Wani zai ce ai ina da haƙƙi, don ba don masu sauraro ba da babu su. Akwai gaskiya a nan, musamman ga wannan kiɗa. Waƙoƙin Tinariwen a kaset suka yi yawo hannu zuwa hannu cikin Sahara tun shekarun 1980, tun kafin su karɓi kyautar Grammy a 2012. Na Mdou Moctar a katin waya suka bazu, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji ya sa ɗaya a faifan da ya tattara na waƙoƙin wayoyin Sahara a 2011. Talakawa masu tura wa juna waƙa su suka goya wannan kiɗa. Sai dai bashin na jama'a ne gaba ɗaya, kuma a kan dandamali ake biyansa. An biya shi a daren, awa biyu cur, na kuma karɓi rabona har da hawaye. Abin da na bi shi bayan dandamali in karɓa, ƙari ne da ba a yi alkawarinsa ba.

Idan ma lissafi za a yi, bai yi mini kyau ba. Shekara bakwai na ci moriyar aikinsu, abin da ya fita daga aljihuna jaka biyu ne, sauran duk kwafi. Su fa? Ga misalin da kowa ya sani: a tawayen da ya ɓarke a 2007 an kashe biyu daga abokan kiɗan Bombino, shi ya yi gudun hijira Burkina Faso, sai 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas. Irin farashin da wasu suka biya ke nan kafin sautin ya iso kunnena ina kishingiɗe a tabarma.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: wa nake ƙauna duk shekarun nan? In mutumin ne, ya kamata in ga gajiyarsa, in lura cewa sai ƙarfe ɗayan dare ya samu ya sa wani abu a ciki, in yi tunanin wataƙila iyalinsa ne a waya. Ban ga ko ɗaya ba a lokacin, labarina kawai nake son saukewa. Ashe wanda na riƙe a zuciya ni na gina shi, da muryarsa da baƙin cikina, na kuma je ina tuhumar mai rai don bai yi kama da shi ba. Duk da haka ba na cewa ƙaunar ƙarya ce. Sauƙin da na samu a asibiti na gaske ne, kuma daga yatsun wannan mutum ya fito, ko ya sani ko bai sani ba. Godiya ta kama ni. Kuskurena shi ne na kai godiyar ina jiran tukwici.

A hanyar komawa ban kunna su ba har muka wuce Doso da Dogon Dutsi. Da muka tsaya Ƙonni na buɗe hoton: ni ina washe baki, shi idanunsa sun yi ja don barci, robar shinkafar tana gefen ƙafarsa. Mota ta tashi, na sa abin ji a kunne, na fara daga waƙar farko.