Maƙwabci Kafin Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana Musulmi, tun daga ranar 12 ga Disamba, 1991, sa'ad da kujerar mulkin Nijeriya ta tashi daga Legas ta koma Abuja, ma'aikata da 'yan kasuwa ba su daina kwarara zuwa can da iyalansu ba. Ƙaramin ma'aikaci kuwa ba ya ko tunanin Maitama ko Asokoro. Zaɓinsa yana tsakanin Kubwa da Gwagwalada da Nyanya, ko Mararaba ta Jihar Nasarawa, ko Suleja ta Jihar Neja. Abu uku yake tambayar dillali: akwai zaman lafiya? Nawa ne haya? Akwai makaranta mai kyau? To, shin wannan neman son kai ne da ƙarancin tawakkali, ko kuwa wajibi ne a kan magidanci?

Mu fara da zaman lafiya. A cikin Suratul Baƙara, lokacin da Annabi Ibrahimu ya yi wa Makka addu'a, aminci ya fara roƙa mata, sa'an nan arziki. Haka kuma a Suratu Ƙuraishin, Allah Ya ambaci ni'ima biyu da Ya yi wa mutanen garin, watau ƙosarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro. Saboda haka wanda ya nema wa iyalinsa wurin da za su yi barci da ido biyu rufe bai saɓa wa tawakkali ba, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure abinsa tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. Magidanci makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Amma fa daga ina amincin unguwa yake fitowa? Doguwar katanga da maigadi suna da nasu amfani, sai dai ba su ne za su ji kukan matarka ba ranar da naƙuda ta kama ta kana wurin aiki. Mutumin da ke bayan katangar shi ne zai ji. Don haka ne magabata suka ce a nemi maƙwabci kafin gida. Malaman tafsiri ma sun lura cewa Asiya matar Fir'auna, a addu'arta da ke ƙarshen Suratut Tahrim, kusanci da Ubangijinta ta fara ambata kafin ta ambaci gidan da take roƙo a Aljanna. Kuma ya zo a hadisi cewa maƙwabci nagari yana cikin abubuwa huɗu na jin daɗin mutum, tare da mace tagari da yalwataccen gida da abin hawa mai lafiya.

Batun haya kuwa, nan ne sau da yawa ƙafa take zamewa. A Abuja da kewayenta an saba biyan kuɗin shekara guda gaba ɗaya. Mutum ya ga unguwar da abokan aikinsa suke, ya ji kunyar ya kasa su, sai ya ci bashi mai ruwa, ko ya fara miƙa hannu a ofis. Ya saya wa 'ya'yansa titi mai kwalta, ya ciyar da su haram. Wanda ya hau motar kwaɗayi kuwa an san tashar da zai sauka. Wani kuma araha ce take ruɗinsa, ya tafi can nesa, ya manta da cunkoson motocin da ke kan hanyar Mararaba zuwa cikin birni safe da yamma. Ya fita kafin a kira asuba, ya komo bayan lisha, yara suna barci a fitarsa, suna barci a komowarsa. Abin da ya rage a kuɗin haya ya biya shi da tarbiyyar gidansa. Ya kamata a sa wannan a ma'auni tun kafin a biya dillali la'adarsa.

Sai makaranta. Lalle neman ilmi mai kyau ga yaro hakki ne a kan uba, na boko da na addini duka. Amma yaro yana yini kaɗan a aji, sauran lokacinsa yana ƙofar gida da filin ƙwallo tare da 'ya'yan maƙwabta, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ku tuna da labarin da Buhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya kashe rai ɗari, ya nemi tuba. Malamin da ya ba shi fatawa ya umurce shi ya bar ƙasarsa ya koma inda mutanen kirki suke bauta wa Allah. In babba mai tuba yana bukatar sauyin wuri, ina ga yaro ɗan shekara bakwai? Don haka kafin ka biya, je ka yi sallar asuba a masallacin unguwar ka ga sahu nawa ne, ka nemi inda makarantar Islamiyya take, ka zauna da yamma ka ji irin maganar da ke fita daga bakin yara.

Sai dai kada mu auna nagartar maƙwabci da motarsa ko ƙabilarsa. A waɗannan unguwanni za ka zauna da Gbagyi da Ibo da Yarabawa, Musulmi da Kirista. Malamai sun ce maƙwabci Musulmi ɗan'uwa yana da hakki uku, Musulmi bare yana da biyu, wanda ba Musulmi ba yana da hakkin maƙwabtaka, kuma ba wanda ya isa ya tauye masa shi. Haka nan tashi daga tsohuwar unguwa ba ya sauke maka nauyin zumuncin da ka baro a can.

Abu na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Ranar da motar kayanka ta tsaya a ƙofar sabon gida, mutanen layin su ma suna tambayar kansu wane irin mutum Allah Ya kawo musu. Manzon Allah ya yi rantsuwa har sau uku cewa imanin mutum bai cika ba muddin maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba. Janaretanka da ke hana jinjirinsu barci, da ruwan kwatarka da ke bi ta ƙofarsu, da sallamar da ba ka yi musu, duk suna cikin abin da zai mai da unguwar ta zama wadda wani zai nema ko wadda zai guda. Unguwa tagari mutane ne suka yi haƙuri da juna har ta zama haka, kuma wanda ya shigo ya ci moriyarta, bashi ne a kansa ya ƙara mata.

Allah Ya haɗa mu da maƙwabta nagari, Ya sa mu ma mu zama nagari gare su, amin.