Haƙƙin Hanya da Bangon Alƙahira

Malaman fiƙihu na farko, Allah Ya saka musu da alheri, ba su ɗauki hanya a matsayin filin da babu mai shi ba, domin sun ga cewa sa'ad da sahabbai suka nuna wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya suna tattaunawa, bai kore su ba, sai ya ɗora musu sharaɗi, wato su runtse idanu, su kame cuta, su amsa sallama, su yi umarni da alheri, su yi hani ga munkari, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri. Duk wanda ya yi tadabburin wannan hadisi zai ga cewa an ɗora nauyin ne a wuyan mazauna, su da suke da iko da wurin, aka bar mai wucewa da haƙƙinsa na wucewa lafiya. Haka ma a Suratun Nuri, umarnin runtse ido ya fara sauka kan maza kafin a juyo ga mata.

A kan wannan asali nake so mu auna abin da ya faru a birnin Alƙahira bayan juyin juya halin 2011, lokacin da matasa, maza da mata, suka mai da bangon titin Muhammad Mahmud, kusa da Dandalin Tahrir, allon zayyana. A watan Maris na wannan shekara aka tsare wasu 'yan mata masu zanga-zanga, aka yi musu abin da aka kira gwajin budurci, sai wata daga cikinsu, Samira Ibrahim, ta ƙi haɗiye wannan wulaƙanci, ta kai ƙara, har kotu ta haramta wannan aiki a watan Disamba. Kuma a cikin wannan wata ne duniya ta ga an ja wata mace a ƙasa ana dukanta har abayarta ta yaye. Abaya fa take sanye da ita, kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe hujjar masu cewa sutura ce take jawo wa mace cin mutunci. Masu zane suka sa fuskar Samira a bango, Ala'u Awad ya zana jerin mata suna tafe irin na zanen Fir'aunonin da, Mira Shihada kuwa ta zana mace guda a tsakiyar da'irar mazaje, wadda ita ce siffar farmakin da aka riƙa yi wa mata a dandalin a farkon 2013.

Mai taƙawa zai iya kawo ƙorafi biyu a kan waɗannan zane-zane, kuma ba na raina ko ɗaya daga cikinsu. Na farko shi ne hukuncin taswiri, amma a nan mazhabar Imamu Malik ta sauƙaƙa mana, tun da abin da ta haramta shi ne cikakken gunki mai inuwa, zane na shafe kuwa iyakarsa karaha. Na biyu ya fi nauyi, shi ne cewa shari'a tana son suturta aibi, tana ƙin yaɗa alfasha a tsakanin muminai, don haka wane dalili zai sa a rubuta abin kunyar al'umma a inda yaro da baƙo za su karanta? Amsa tana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 148, inda Allah Maɗaukaki Ya bayyana ƙinSa ga bayyana mummunar magana, sannan Ya togace wanda aka zalunta. Sitira rahama ce ga mai laifin da ya ɓoye laifinsa yana nadama. Amma wanda ya miƙa hannunsa ga 'yar mutane da rana tsaka, jama'a suna kallo suna kau da kai, shi ya riga ya yaye wa kansa mayafi, kuma shirun da ake yi bayan haka kariya ce gare shi, ita kuwa ƙarin zalunci ne a kanta. Binciken da hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2013 ya nuna fiye da kashi 99 cikin ɗari na matan Masar da aka tambaya sun taɓa fuskantar cin zarafi iri-iri, kuma cutar da ta kai wannan haddi ta wuce a kira ta asiri.

Hakika fenti ba ya riƙe hannun azzalumi. Abin da zane yake yi shi ne ya hana mazauna hanya cewa ba su sani ba, kuma ba ya iya yin haka sai idan su ma sun sa hannu a cikinsa, sai an nemi izinin mai bango, domin bango milki ne mai alfarma, an zauna da mai shayi da dattawan unguwa da matan da suke bin wannan lungu kullum, an tambaye su abin da suke so a faɗa. Ƙungiyar da ake kira Sittul Heɗa, wato matan bango, wadda aka kafa a 2013, ta horar da mata su riƙe buroshi da kansu, kuma wannan ya fi kusa da adalci, saboda mazlumi ne aka yi wa izinin ɗaga murya. Hukuma ta shafe zanen titin da farin fenti a watan Satumba na 2012, masu zane suka dawo suka sake, sannan a watan Yuni na 2014 aka yi doka wadda ta ambaci cin zarafin mata da sunansa, ta yanka masa hukuncin ɗauri da tara.