Wa Zai Biya Waken da Raƙumin Dawa Ya Ci?

A ƙasar Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai in an bi hanyar Doso, akwai wata irin ɓarna da ba a kai ƙararta gaban mai gari. Da kaka, sa'ad da wake ya nuna, manomi yakan yi sammako zuwa gona ya tarar an riga shi. Ga manyan sawu a cikin yashi, ga yaɗon wake an tsittsinke, abin da ya sa rai zai kai kasuwa ya yi wa yara tufafi ya ragu. Da shanun makiyayi ne suka shiga, da ya san hanyar da zai bi: a kira dattawa, a duba ɓarna, a yanka kuɗi, a biya. Amma wannan baƙo ba shi da mai shi a cikin mutane. Raƙumin dawa ne, doka kuwa tana bayansa. Mai gona yana iya daka masa tsawa ko ya kaɗa masa gwangwani, amma in ya ɗana masa kibiya ko bindiga, shi ne zai kwana a hannun hukuma.

To, daidai ne a ce wa mutumin da hatsinsa ba ya kai shi wata damina ya haƙura da asara saboda dabbar da ba ya cin namanta, ba ya shan nononta, ba ta kuwa ɗaukar masa kaya? Tambaya ce mai nauyi, bai kamata wanda ya ƙoshi ya amsa ta da gaggawa ba.

Sai a fara sanin abin da ake tsaro. Shekara 100 da suka wuce, raƙuman dawa suna yawo daga Senegal har Tafkin Cadi. Bindiga ta yawaita, gonaki suka cinye daji, farin 1973 da na 1984 suka kashe itatuwa, sai dabbobin suka ƙare ƙasa bayan ƙasa. Da aka ƙidaya su a 1996, 49 aka samu. Waɗannan 49 su ne dukan abin da ya rage a duniya na irin raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, mai hasken jiki, kuma dukansu a wannan yanki na Nijar suke. A wannan shekara ma aka kama waɗansu domin a kai su kyauta ga shugabannin ƙasashen maƙwabta, da dama suka mutu wajen kamun. Ashe ba kullum talaka ne maƙiyin naman daji ba. A 1998 aka kafa dokar farauta wadda ta hana taɓa su ɗungum. Kafin 2018 sun wuce 600.

Wanda ya san kiwo zai gane girman wannan lissafi. Raƙumar dawa tana ɗaukar ciki wata 15, ɗa guda take haifa. Dabba mai jinkirin haihuwa haka ba ta tashi daga 49 zuwa 600 sai in dubban mutane sun riƙe hannunsu shekara fiye da 20, har a shekarun da rumbu ya zama wofi tun kafin bazara.

Gama Kure ba gandu ba ne mai shinge kamar yadda waɗansu suke zato. Dabbobin suna zaune ne a tsakiyar ƙauyukan Zabarmawa da mashekarin Fulani. Da damina sukan hau tudu, inda geza da sabara da sauran itatuwa suke tsirowa jeri jeri da fili a tsakaninsu. Da rani sai su gangaro kwarin Dallol Boso, domin gawo. Kowane manomi ya san halin gawo: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar sa'ad da sauran itatuwa suka bushe. Gawon nan kuwa a cikin gonaki yake, kakannin masu gonakin ne suka bar shi domin yana gyara ƙasa, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne. Watau raƙumin dawa yana cin rani a bisa itacen da manomi ya raina. In ya ga mangwaro a garka, ko harawar da aka ɗora bisa don kada awaki su kai gare ta, ba ya tambaya. Abin da aka ɓoye wa akuya, daidai bakin dabba mai tsawon mita 5 aka ajiye shi.

Amsa ta fari da aka daɗe ana ba manomi ita ce ta kuɗi. Aka ce masa, dabbar nan dukiya ce, baƙi za su zo daga Turai su biya domin su gan ta. Akwai gaskiya a ciki. Samari sun sami aikin jagora, sun kafa ƙungiyarsu, motoci suna zuwa daga Yamai ranakun hutu. Amma ran Lahadi, 9 ga Agusta 2020, 'yan bindiga bisa babura suka kashe mutum 8 a dajin Kure: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban 'yan jagoran. Gwamnati ta rufe wurin, ƙafar baƙi ta ɗauke. Raƙuman dawa dai ba su san an yi ba, da kaka ta zo suka shiga wake kamar kullum.

A nan ne amsar kuɗi ta nuna iyakarta. In dalilin barin dabba da rai shi ne abin da take kawowa, ran da ta daina kawowa dalilin ya faɗi, mai gona kuwa yana da iko ya ce a ba shi wuƙa. Wanda ya koya wa mutane cewa darajar halitta ita ce farashinta, kada ya yi mamaki in suka yi lissafi suka ga nama da fata sun fi riba. Haka ake auna jaki a kasuwa, ma'aunin kuwa bai isa a auna irin da in ya ƙare ba mai iya mayar da shi ba.

Littafi Mai Tsarki yana da wani ma'auni. A Farawa an sa mutum cikin gona domin ya noma ta, ya kuma tsare ta, aiki biyu ne a hannu ɗaya. Da aka umarci Nuhu ya shigar da dabbobi cikin jirgi, ba a ce ya zaɓi masu nono da masu ɗaukar kaya ba, har waɗanda ba a ci sun sami wuri, alkawarin da aka yi bayan rigyawa kuma ya haɗa da kowane mai rai. Sa'ad da Allah ya amsa wa Ayuba, sai ya nuna masa jakin jeji da jimina, dabbobin da ba su yi wa kowa bauta, ya kuma tuna masa da ruwan da yake saukowa a inda babu mutum ko ɗaya. Abin da ake koya daga nan a sarari yake: akwai halittun da ba domin amfanin mutum aka yi su ba, Mai su kuwa yana jin daɗinsu. Mutum wakili ne a kansu. Wakili yana iya cin amfanin garke, amma ba shi da izinin ƙarar da irin, gama ba nasa ba ne.

Sai dai mutane da yawa a nan suke tsayawa, su mai da wannan koyarwa sanda su doki talaka da ita. Yana da sauƙi mai albashi ya zauna ƙarƙashin fanka ya ce manomin Kure ya riƙe amana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Littafin da ya ba dabba wuri bai manta da matalauci ba. A Fitowa sura 23 akwai dokar shekara ta bakwai, wadda a cikinta ake barin gona ta huta. Abin da ya tsiro da kansa, matalauta ne za su fara ci, abin da suka rage kuma na namomin jeji ne. A lura da jerin: talaka tukuna, sa'an nan dabba. A kuma lura da wanda ya ɗauki asarar: mai ƙasa ne, mai hali. Dokar ba ta ɗauki abincin dabba daga akushin mayunwaci ba. A Kure sau da yawa abin ya juye, wanda ya fi kowa rashi shi ne yake ciyar da abin da duniya duka take fahariya da shi.

Ga kuma wani abin da ba a cika faɗa ba. Itatuwan tudun da raƙuman dawa suke ci da damina, gatari yana cinsu kowace rana, motoci suna kwasar itacen zuwa Yamai, birnin da ya wuce mutum miliyan 1, inda yawancin gidaje da itace suke dafa tuwo. In daji ya ragu, dabba ta ƙara matsowa gona. Saboda haka wanda ya sayi ƙunshin itace a birni yana da hannu a cikin waken da aka ci a ƙauye, ko da bai taɓa ganin raƙumin dawa ba. Manomin da yake sheme daji ya ƙara gona shi ma yana da nasa rabo, ba za a wanke shi sarai ba. Amma shi yunwa ce take tura shi, kuma shi kaɗai ne ake gani.

Ƙungiyoyin da suke kula da dabbobin sun gane wannan tun da wuri. Sun haƙa rijiyoyi, sun ba mata ƙananan rance domin kiwo da sana'a, sun taimaka da iri. Aiki ne mai kyau, shi ne ma ya sa zukata da yawa suka yi sanyi. Kuskure ne dai a kira shi sadaka, gama biyan bashi ne, bai kuwa cika ba. Rijiya ta gari duka ce, ɓarna kuwa ta mutum ɗaya ce, wanda gonarsa take bakin daji. Maƙwabcinsa da bai rasa ko tiya guda ba yana shan ruwan rijiyar daidai da shi. Adalci yana bukatar a je gonar, a duba, a auna, a biya mai ita, kamar yadda dattawa suke yi in shanu ne suka shiga. Tun da gwamnati ta ce dabbar tata ce, ta hana a taɓa ta, ai ta zama makiyayinta ke nan, makiyayi kuwa ba ya gudun ɓarnar garkensa.

Ko an yi haka, wani abu zai rage wanda kuɗi ba ya biya: daren da aka kwana a gona ana gadi, da ɓacin ran ganin wahalar wata uku a bakin dabba. Mutumin da ya ga wannan, yana da makami a ɗaka, ya kori dabbar da tsawa kawai ya koma gida, ya yi abin da masu ilimi da yawa suke rubutawa ba su taɓa gwadawa ba.

A watan Nuwamba 2018 aka ɗauki raƙuman dawa 8 a manyan motoci, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda irinsu ya ɓace tun wajen farin 1973. Dalilin shi ne kada cuta ɗaya ko masifa ɗaya ta same su duka a wuri guda. Sun zauna, sun fara haihuwa. Gadabeji ƙasar makiyaya ce, amma ba a yi nisa kudu ba ake shiga gonakin gero da wake na ƙasar Dakwaro, raƙumin dawa kuwa bai san inda iyakar gandu ta tsaya ba.