ADON GIDA DA NA BIKI: GWARGWADON HALI, DA AIKIN HANNUNKI

  

 Nasiharmu ta wannan fitowa za ta taɓo wani al'amari da ke hana iyaye mata da yawa barci, wato kayan ɗaki da hidimar biki. Kin san gidan da aka sa ranar 'yarsu har sau biyu ana ɗagawa, ga miji ga sadaki, amma gado da kujeru sun gagara. Kin san uwar da ta kwashi adashe uku a lokaci guda, ta haɗa da jarin sana'arta, aka yi biki na kwana bakwai, ita kuwa ta shekara biyu tana ɓuya wa masu bin bashi. Mafi ciwo shi ne yarinyar da aka cire daga makaranta aka ɗora mata farantin talla, wai tana tara kuɗin kayan ɗakinta, alhali ba a san abin da take gamuwa da shi a tasha da bakin kasuwa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kaya suka ƙara tsada, amma gasar jere ba ta ragu ba.

Musulunci bai hana ado ba

Kada wata ta fahimci cewa ana kiranta ne ta zauna a ɗaki fayau ba labule ba shimfiɗa. A Suratul A'araf aya ta 32, Allah ya yi inkari ga wanda ya haramta ƙawar da Ya fitar domin bayinSa. A cikin Sahihu Muslim kuma an ruwaito cewa Allah Mai kyau ne, Yana kuma son kyau. Lokacin da Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya yi aure, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko sun samu shimfiɗu na ado, da ya ce ina za su same su, sai ya yi masa albishir cewa za su samu nan gaba. Saboda haka macen da ta gyara ɗakinta domin mijinta ya shigo ya ji sanyi a ransa, lada take samu in ta kyautata niyya.

Abin da aka hana shi ne wuce iyaka. Aya ta 31 ta wannan sura ta hana ɓarna a ci da sha. Suratul Isra'i aya ta 26 da ta 27 ta kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu. Suratul Furƙan aya ta 67 kuwa ta siffanta bayin Allah na gari da cewa in za su kashe dukiya ba sa ɓarna, ba sa ƙwauro, tsaka-tsaki suke bi. Iyakar kowa kuma daidai da samunsa take. Abin da yake tsaka-tsaki ga matar attajiri, a wurin matar malamin firamare yana iya zama ɓarna.

Dubi jeren Nana Faɗima

'Yar'uwa, wace amarya ce ta kai Nana Faɗima (RA) daraja? An aurar da ita ga Sayyidina Aliyu (RA) a shekara ta 2 bayan hijira. Kayan da mahaifinta ya haɗa mata, kamar yadda ya zo a ruwayar Imamu Ahmad, su ne mayafi mai kauri, da matashin kai na fata da aka cusa wa zaren dabino, da dutsen niƙa, da salka, da tuluna biyu. Duk abin amfani ne, babu wanda aka saya domin 'yan kallo.

A shekara ta 7, a hanyar dawowa daga Khaibara, aka yi walimar auren Annabi (SAW) da Nana Safiyya (RA). Ba a yanka komai ba. An shimfiɗa buzaye, aka zuba dabino da cuku da man shanu, jama'a suka ci. Wannan walimar shugaban halitta ke nan.

Ta fuskar fiƙihu ma, malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Khalil, sun ce amarya tana yin kayan ɗakinta ne da sadakin da ta karɓa kafin tarewa, gwargwadon yadda aka saba. Asalin hukuncin ke nan. Sauran abin da muka ɗora wa kanmu al'ada ce ta kawo shi, kuma al'adar da ta kai mutum ga bashin da ba zai iya biya ba ta cancanci a sake duba ta.

Bashi ba abin wasa ba ne

Mukan ce bashi hanji ne yana cikin kowa, sai mu ɗauke shi da sauƙi. To ki sani Manzon Allah (SAW) ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi. Da aka tambaye shi dalili, sai ya bayyana cewa mutum in bashi ya yi masa katutu, yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. An taɓa kawo masa gawa ya ƙi yi mata salla saboda bashin da ke kanta, sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Yanzu don Allah, saitin tangaran da za a kulle a kabad ba a ko cin abinci a ciki, ya kai a rataye ranki dominsa?

Akwai kuma masu aron kujeru da talabijin a cika ɗaki ranar jere, bayan sati biyu a zo da dare a kwashe. Aro halal ne in don amfani aka yi shi. Amma in don a nuna wa dangin miji ko kishiya abin da babu, to ki tuna matar da ta tambayi Annabi (SAW) ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Ya kamanta mai yin haka da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Hausawa ma sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Hannunki jari ne

Mafita tana cikin abin da iyayenmu suka iya muka saki. Uwar muminai Zainab 'yar Jahshi (RA) tana jima da ɗinkin fata da hannunta, ta sayar ta yi sadaka, har ta zamo ita ce aka siffanta da tsawon hannu a cikin matan Annabi saboda yawan kyautarta. Nana A'isha (RA) ta taɓa rataya labule mai hotuna, Annabi (SAW) ya nuna ƙinsa ya cire shi, ita kuwa ba ta jefar ba, sai ta mai da shi matasan kai. Darasi biyu ke nan: a guji labule da zanen bango masu surar abu mai rai, kuma tsohon yadi ba shara ba ne.

Ga kaɗan daga abin da za ki iya yi a cikin gidanki:

Na ɗaya, zanen gado da rigunan filo. Ki sayi yadi marar zane mai kauri, ki zana fure ko ganye da fensir, ki bi shi da zare da allura. Surfanin da kika yi da hannu ya fi na kanti daɗewa. Ƙyallayen atamfa da ke zube a shagon tela kuwa, in kika yanka su murabba'i daidai wa daida kika haɗa, za su ba ki abin rufa gado ko rigar filon kujera. Cikin filon ki cusa audugar rimi ko ragowar soso, amma ki shanya audugar ta bushe sarai don kada ta yi wari.

Na biyu, saƙa. Da kwarashi ɗaya da ulu za ki fitar da tuma-ƙasa ta rufe kwanon maigida, da shimfiɗar tebur, da ta hannun kujera. Yarinya 'yar shekara goma tana iya koyo a hutun makaranta ɗaya.

Na uku, faifai da ƙwarya da tabarma. Faifan da aka saƙa da launi biyu ko uku, in kika jera biyar ko bakwai a bango, manya a tsakiya ƙanana a gefe, falo ya ƙawatu. Ƙwarya mai zane a kan ragaya ita ce jeren kakanninmu, kuma har gobe ba abin da ya fi ta dacewa da fura. Tabarmar kaba mai rini ta fi kafet sanyi a lokacin bazara, ga sauƙin kakkaɓewa.

Na huɗu, bango da ƙamshi. Ɗakin da aka shafe da farar ƙasa ko fenti mai haske, aka wanke labulensa, ya fi ɗakin da aka cunkushe da kaya ƙura ta lulluɓe su. Turaren wuta da humra kuma, waɗanda 'yan'uwanmu matan Barno suka shahara da su, ana koyon haɗa su. Ki nemi wadda ta iya ta nuna miki yadda ake narka sukari a juya itacen a ciki a zuba turaruka. Kwalba ɗaya da kika haɗa za ta daɗe miki, har ki samu na sayarwa. Sai dai ki tuna ƙamshi na cikin gida ne, ba na fita unguwa ba.

Ranar biki

Wurin zaman amarya ranar kamu ko wuni ba sai an kira masu kwalliyar haya ba. Ki rataya zannuwa biyu ko uku masu launi ɗaya a bango, a shimfiɗa darduma ko sabuwar tabarma, a ajiye tumtum da kujera 'yar tsugunno, a jera faya-fayi da ƙore da ludaya a gefe, a sa turare a kasko. Duk wadda ta shigo za ta yaba, kuma bayan biki kayan nan ɗakin amarya za su wuce, ba a yi asarar ko ɗaya ba.

Lalle ki kwaɓa garinsa a gida. Launi yake bari kawai, don haka ba ya hana ruwan alwala taɓa fata, saɓanin jan farce da ke toshe farce. Ki yi hattara da baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi, domin yana ƙona fatar wasu ya bar tabo, amarya ta shiga ɗakin miji da ƙuraje.

Abin sha, zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi sun wadatar. Alkaki da nakiya da dubulan na gara a taru a yi su a gida, gwargwadon abin da aka iya. Kayan rabo kuwa, maimakon kalanda da sitika masu hoton amarya da za su ƙare a hannun kowa da kowa, ki ƙulla turaren wuta ko sabulun da kika haɗa a ƙananan kwalabe da leda. Kada ki buga ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a jikin jaka ko mafici, domin kin san inda ake yar da su.

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne, kuma ba na wata ɗaya ba ne. Ki fara tun yarinya tana makaranta, kina yi kina adanawa a akwati, ita ma kina koya mata. Ku 'yan aji ɗaya a Islamiyya ku mai da shi aikin gayya: wannan ta iya keke, waccan ta iya saƙa, wata ta iya turare. Bikin 'yar kowacce ya tashi, a taru a rufa mata asiri. Taimakon juna a kan alheri umurni ne a Suratul Ma'ida aya ta 2.

Gare ki uwar ango

'Yar'uwa, yau ke ce uwar amarya, gobe ke ce uwar ango. Yawancin bashin nan tsoron bakinmu ne ya jawo shi. Mu ne muke shiga ɗakin amarya muna ƙirga kujeru, muna ɗaga katifa, muna buɗe kabad, mu fito muna taɓe baki. Daga nan gori ya fara, yarinya ta kasa sakewa a gidan mijinta. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana mata su yi wa mata izgili, domin mai yiwuwa wadda ake yi wa ta fi mai yi alheri a wurin Allah. In kin shiga ɗakin surukarki kin ga aikin hannun mahaifiyarta, ki yaba a gaban jama'a, ki sa albarka, ki kuma tsawatar wa 'ya'yanki mata. Kalmarki ɗaya za ta iya kashe gorin gida gaba ɗaya.

Ke kuma da kike ganin ɗakinki bai kai na maƙwabciya ba, ki riƙi wasiyyar Annabi (SAW) ta duban wanda yake ƙasa da ke a abin duniya, domin hakan ya fi kare ki daga raina ni'imar Allah. Akwai mai neman ɗakin da za ta shimfiɗa tabarmar ma ba ta samu ba.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sa albarka a hannuwanmu, Ya ba 'ya'yanmu mazaje na gari da zaman lafiya a ɗakunansu. Amin.